Motar Da Ta Tsere Wa Ƙararta

A unguwar Gwallaga cikin birnin Bauchi, kamar yadda yake a kowane babban gari na ƙasar nan, ba a rasa gareji a gefen titi inda makanikai da yaransu kan zauna a inuwa idan aiki ya lafa, su ɗauko gardama. Gardamar da ba ta tsufa a irin wannan zama ita ce ta gudun mota: wace ce ta fi wace, wace ce kuma in ta kama hanyar Jos ba a ganin ko ƙurarta. Da wuya a yi nisa ba a koma kan inji ba. Wannan ya ce silinda shida, wancan ya ce takwas, kowa dai ya ɗauka cewa wadda ta fi inji ita ta fi gudu.

To, akwai wata mota da ta kashe wannan gardama tun shekarar 1997, labarin ƙera ta kuwa bai goyi bayan masu cewa inji ne kome ba. Sunanta Thrust SSC, mutanen Ingila ne suka yi ta. Ran 15 ga watan Oktoba na wannan shekara, a wani faƙo da ake kira Black Rock cikin jihar Nevada ta Amurka, wani matuƙin jirgin yaƙi mai suna Andy Green ya tuƙa ta, ta yi gudun mil 763 cikin sa'a guda, watau kilomita 1,228. Wannan gudu ya ɗara na sauti kansa, ma'ana mutumin da ke tsaye a gabanta sai ta wuce shi kafin ƙarar injinta ta iso kunnensa. Da za a iya riƙe irin wannan gudu a kan hanya, wanda ya tashi daga Bauchi zai isa Jos kafin minti 7 su cika. Tun daga ranar har yau babu wata mota da ta kamo ta.

Ba a karɓar irin wannan bajinta da fatar baki. Hukumar FIA, mai kula da wasannin motoci ta duniya, ta shimfiɗa sharuɗɗa. Tilas motar ta kasance da ƙafa huɗu ko fiye. Tilas ta bi ta kan mil guda ko kilomita guda da aka auna, sa'an nan ta juyo ta sake bin sa ta ɗaya ɓangaren, don kada iska ko gangara su taimaki kowa, a haɗa gudun biyu a raba. Kuma tilas a yi zuwan da dawowar cikin sa'a guda. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi yadda ake zato tsauri, gama a cikin sa'ar nan ake juya mota mai nauyin tan 10, a zuba mata mai, a naɗe mata sabuwar laimar birki, a duba ƙafafunta. Kwana biyu kafin ranar nasara, Andy Green ya wuce gudun sauti zuwa da dawowa, amma aka makara da abin da bai kai minti guda ba, alƙalai suka ce ba su ga kome ba.

An fara wannan gasa a Faransa cikin 1898 da wata mota mai aiki da batir, wadda ta yi kilomita 63 cikin sa'a, gudun da ɗan acaɓa ke yi yau ba wanda zai waiwaya. Shekara guda bayan haka wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya haye kilomita 100, shi ma da lantarki. A 1927 Henry Segrave ya wuce mil 200 a gaɓar tekun Daytona, a cikin shekarar ne kuma abokin takararsa Parry-Thomas ya rasa ransa a gaɓar Pendine ta ƙasar Wales. Da aka shiga shekarun 1960 sai Amurkawa suka fara ɗora wa motoci injin jirgin sama, wanda ba ruwansa da juya ƙafafu, iska yake zuƙa ta gaba ya feso ta ta baya. Motar Craig Breedlove ta 1963 ƙafa uku gare ta, saboda haka da ta yi mil 407 aka rasa inda za a sa ta, har sai da hukumar babura ta karɓe ta a matsayin babur.

Inji daga wurin 'yan gwangwan

Abin da zai ba makanikan Gwallaga mamaki shi ne, a cikin dukan wahalolin wannan aiki, samun inji yana cikin masu sauƙi. Babu wanda ke ƙera wa irin waɗannan motoci injin jirgi sabo. Na jiragen yaƙi ake nema, sau da yawa ma waɗanda aka riga aka sallama.

Misalin da ya fi kowanne shi ne na Art Arfons, wani mutumin garin Akron a jihar Ohio, wanda gidansu ke da injin niƙan abincin dabbobi. Shi ba injiniyan jami'a ba ne. Ya sami injin jirgin yaƙi samfurin J79 a hannun mai sayar da tarkacen ƙarfe, ya saye shi da 'yan ɗaruruwan daloli domin wani abu ya faɗa cikinsa ya lalata wasu daga cikin fukafukan da ke zuƙar iska. Ya nemi littafin gyara wurin kamfanin da ya yi injin, aka hana shi, aka ce asirin soja ne. Sai ya kwance injin da kansa, ya cire fukafukan da suka lalace, ya kuma cire wasu masu lafiya a wuraren da suka dace don kada nauyi ya rinjaya gefe guda. Da ya gama ya ɗaure shi da sarƙa a jikin itatuwa a bayan gida ya tayar. Sitiyari da wasu sassan ƙafafun motar tasa, wadda ya kira Green Monster, daga tsofaffin motoci ya ciro su. Da wannan mota ya riƙe kambun duniya har sau uku tsakanin 1964 da 1965, na ƙarshen mil 576, kafin Breedlove ya ƙwace da mil 600 bayan kwana takwas kacal.

Mista Richard Noble, Baturen Birtaniya wanda daga baya ya shugabanci aikin Thrust SSC, shi ma da abin da bai taka kara ya karya ba ya soma. Motarsa ta fari ta wuntsila da shi a 1977 sa'ad da boris ɗin ƙafa guda ya ƙame. Ya fito da ransa, ya sayar da tarkacen a kan fam 175, wannan ne jarin da ya fara ta biyu da shi. Ita Thrust2 injin wani jirgin yaƙi mai suna Lightning aka sa mata, a 1983 kuwa ya tuƙa ta da kansa ya yi mil 633. Thrust SSC kuma inji biyu gare ta, na Rolls-Royce, irin waɗanda ke jikin jiragen Phantom na sojan Ingila. Ƙarfinsu ya wuce na doki 100,000, suna kuma shan mai lita 18 a kowane sakan, watau jarka mai lita 25 ba ta kai musu sakan ɗaya da rabi.

Iska ce abokiyar gaba

Wahalar gaske tana farawa ne bayan an sami injin. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota tana gudu ya san iska tana da nauyi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda nauyin ke haihuwa: in aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don a keta ta kuwa sau takwas. Wannan shi ya sa ƙarin mil 50 a saman mil 600 ya fi mil 300 na farko tsada nesa ba kusa ba.

Amma turjiya ba ita ce mai kisa ba. Babban jirgin fasinja yakan bar ƙasa a gudun da bai kai mil 200 ba, ga shi kuwa ana so mota ta yi ninkin wannan har kusan sau huɗu ba ta tashi ba. In hancinta ya ɗaga kaɗan, iska ta shiga ƙarƙashi, sai ta yi sama da ita kamar yadda guguwa ke yi da kwanon rufi. In kuwa aka danne ta da yawa don gudun haka, ƙafafun su nutse cikin ƙasa, ta koma garma. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar siririyar hanya, neman ta ne aikin injiniya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ranar da Noble ya ci kambu a 1983, da ya ƙara mil 7 a kan ƙololuwar gudunsa, da gaban motar ya tashi.

Idan aka kusanci gudun sauti kuma, sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Iskar da ke gaban motar ba ta samun sararin kaucewa, sai ta dunƙule ta zama kamar bango, shi ne ke fashewa da ƙara irin ta aradu. A sararin sama wannan bugu yana da wurin bazuwa. A ƙasa kuwa yana dukan faƙon ya dawo ƙarƙashin motar, a lokacin kuma babu wanda ya san abin da zai yi mata, tun da ba a taɓa gwadawa ba.

Mutumin da ya ɗauki wannan tambaya shi ne Ron Ayers, wani dattijo da ya riga ya yi ritaya, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin tsara makamai masu linzami. Yadda ya bi da al'amarin ya isa a tsaya a duba. Ya sa masana a Jami'ar Swansea suka lissafa da kwamfuta yadda iska za ta bi jikin motar. Bai yarda da lissafin ba. Sai aka sassaƙa ƙaramin samfurin motar, aka ɗora shi a kan wani layin dogo na gwajin makamai a Pendine, aka yi ta harba shi da roka ana auna matsin iska a jikinsa. Wannan ma bai yarda da shi shi kaɗai ba. Sai da ya ajiye sakamakon biyu gefe da gefe, ya ga sun yi daidai alhali masu aikin ba su ga na juna ba, sa'an nan ya ce a fara yankan ƙarfe.

Tsarin da ya fito ya zo da nasa ciwon kai. An sa manyan injunan biyu a gaba, dama da hagu, don nauyinsu ya danne hanci, ƙafafun gaba kuma suna cikin rumfunan injunan, babu wurin da za su karkata. Injiniya Glynne Bowsher ya ce to a mai da sitiyari ƙafafun baya. Masana da yawa suka ce wannan ganganci ne, gama kowa ya san yadda mota ke wulgawa in ana gudu da baya. Maimakon a yi ta musu, sai aka sami wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar Mini, aka sāke mata ƙafafun baya bisa wannan tsari, aka gwada, ta tafi sosai. Duk da haka tuƙin bai zama wasa ba. A wajen mil 600 motar takan fizga hagu, har sai Andy Green ya murɗa sitiyari kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye kafin ta dawo kan layi, ƙafarsa kuwa tana kan totur.

Ƙafar da ba ta da taya

Thrust2 da Thrust SSC duka ba su da tayar roba. Ƙafafunsu curin alminiyam ne zalla, haka kuma na Bloodhound, motar da Noble da Green da Ayers suka soma a 2008 da nufin kai wa mil 1,000. Kowace ƙafa ta Bloodhound nauyinta kilo 95, faɗinta kimanin santimita 90, an kuma tsara ta ta juya sau 10,200 a minti guda, watau sau 170 kafin a ƙirga sakan. A wannan juyi, duk abin da ke bakin ƙafar nauyinsa yakan ninka sau 50,000. Ƙarfen da nauyinsa kilo guda ne sai ya riƙa jan jikin ƙafar da nauyin buhun siminti 1,000. A Jamus aka matse curin ƙarfen da zafi don kada a bar ko ƙwayar rami a cikinsa, a birnin Glasgow aka sassaƙe shi, sa'an nan aka juya shi a ɗakin gwaji har iyakar gudun da ake so kafin a yarda a ɗaura shi a mota.

A nan ne labarin ya taɓo Bauchi. Mai yiwuwa ne a sami bakanike a Gwallaga wanda da kunne kawai zai gane ciwon inji, ko mai walda da zai tayar da sashen da kamfani ya daina yi, irin basirar da Arfons ya yi aiki da ita ke nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaya rabin, na Ayers: wurin gwaji, da kayan awo, da ɗabi'ar rubuta abin da aka auna. A 1979 aka buɗe kamfanin Steyr a Bauchi, haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da wani kamfanin ƙasar Austiriya, don harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Yana cikin masana'antu shida irinsa da aka kafa a wancan zamani, har da Peugeot a Kaduna da na manyan motocin Fiat a Kano. Sai dai yawancin sassan a akwatuna suke zuwa, an riga an zana su, an auna, an gwada a Turai. Da kuɗin ƙetare suka yi wuya cikin shekarun 1980, akwatunan suka ragu, aikin ya ja baya, bai kuwa sake komawa yadda yake ba. Ba a ce babu masu kai ba. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, amma a Detroit ya sami teburin da zai yi zanen. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji suna yaye injiniyoyi kowace shekara, tazarar da ke tsakanin ajinsu da garejin bakin titi kuwa ta fi ta ƙafa nisa.

Masu tsintar duwatsu

Ko an gama mota, saura filin da za ta yi gudu, shi ma kuwa ba a samunsa a banza. Ana bukatar wuri shimfiɗaɗɗe kamar faranti mai tsawon kilomita 16 zuwa 20, domin rabin tafiyar ɗaukar gudu ne, rabi kuma neman tsayawa. Birkin ƙafa ba ya aiki sai gudu ya sauko ƙwarai, kafin nan sai dai laima da ake saki ta baya. Kwalta ba ta yi. Gishirin Bonneville, inda Amurkawa suka yi nasu, ya yi wa ƙafar ƙarfe tauri, tana zamewa a kansa. Abin da ya dace shi ne busasshen tafki mai laka, wanda ruwa ke kwanciya a kansa lokacin damina ya daidaita shi, rana kuma ta gasa shi, ƙafar ta ɗan kafta ta sami abin riƙo. Irin wannan wuri kuwa yana da ranar fushinsa. A 1996 ambaliya ta kori mutanen Thrust SSC daga faƙon Jafr na ƙasar Jordan, suka kwashe kaya a gurguje.

Sau biyu wannan nema yana kawo Turawa Afirka. A 1929 Malcolm Campbell ya kai motarsa Blue Bird wani faƙo a Afirka ta Kudu mai suna Verneuk Pan, kalmar da ke nufin yaudara a harshen Afirkans. Sunan bai yi ƙarya ba. Aka tarar filin cike da tsakuwa mai kaifi, aka sa leburori suka yi ta shara, kafin a gama kuwa labari ya zo cewa Segrave ya yi mil 231 a Daytona, abin da motar Campbell ba ta iya kamowa ba.

Bayan shekara 80 masu Bloodhound suka zaɓi Hakskeen Pan, a lardin Northern Cape kusa da iyakar Namibiya. Laka ta yi daidai, tsawo ya isa, amma duwatsu sun rufe ko'ina, ba kuwa a iya sa katafila don za ta farfasa ɓawon ƙasar da ake so. Gwamnatin lardin ta ɗauki mutane fiye da 300 daga ƙauyukan Mier, yankin da aikin yi ya yi ƙaranci ƙwarai, suka shiga da shebur da baro da hannuwansu. Cikin 'yan shekaru suka tsince tan 16,500 na duwatsu daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 22. In aka loda wa kowace tirela tan 30, tireloli 550 ke nan.

Wanda ya ga kamar an yi zuzutawa, ya dubi abin da ya faru a watan Agusta na 2019 a faƙon Alvord na jihar Oregon. Wata Ba'amurkiya mai suna Jessi Combs tana neman kambun mata a cikin motar da aka yi da gangar jikin jirgin yaƙi, ƙafar gaba ta karye tana gudun kusan mil 550, ta rasu nan take tana da shekara 39. Masu bincike suka ce ga alama wani abu ƙafar ta taka a filin. A irin wannan gudu, tsakuwar da yaro zai sa a gwafa ba ta da bambanci da harsashi. Ran direban yana hannun matar da ta sunkuya ta tsince ta kamar yadda yake hannun mai lissafin iska.

Wata uku bayan wannan rashi, ran 16 ga Nuwamba 2019, Andy Green ya tuƙa Bloodhound a kan filin da mutanen Mier suka share, ta yi mil 628, watau kilomita 1,010, da injin jirgin Typhoon guda ɗaya tak. Gwaji ne kawai, an yi shi don a gwama abin da na'urorin jikinta suka auna da abin da kwamfuta ta faɗa, suka kuwa yi kusa da juna yadda ake fata. Abin da ya rage shi ne a ƙara mata roka daga wani kamfanin ƙasar Norway a koma.

Ba a koma ba. Tun a 2018 kamfanin aikin ya karye, har an fara maganar yanka motar a sayar da ƙarfen, sai wani ɗan kasuwa na Yorkshire, Ian Warhurst, ya saye ta, da kuɗinsa ne kuma aka yi tafiyar Afirka ta Kudu. Annobar korona ta zo ta kori masu tallafi, a farkon 2021 shi ma ya sa ta a kasuwa. Tun farko gwamnatin Ingila ta ba da aron injin ne bisa fatan aikin zai jawo yara su karanta injiniyanci, an kuma kai darussansa makarantu masu yawa, amma kuɗin gina motar ba ta ɗauka ba. A cikin 2021 aka kai Bloodhound gidan kayan tarihin motoci na birnin Coventry, inda Thrust2 da Thrust SSC suke ajiye, ba a taɓa ɗaura mata rokar ba. A ƙarshen 2023 masu ita suka ba da sanarwa cewa suna neman sabon direba da zai gaji Andy Green, bisa sharaɗin ya zo da kuɗin aikin, kimanin fam miliyan 12.